Yadda Muka Mayar wa Bature Wayarsa

Tun ranar da na dawo ban sami sukuni ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na shiga kasuwa a ja mini riga, har matan unguwarmu Limawa sun koma aiko da tambaya ta bakin matata. Wai da gaske na ga Bature ido da ido? Wai da gaske ƙafarsa ba yatsu? Wai da gaske na suma a gabansa? Ban suma ba. Wanda ya fara yaɗa wannan magana na san shi, kuma ko Kiyawa bai taɓa takawa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin sau ɗaya tun daga tushe, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Iro sanƙira, mai shela a kasuwar Dutse. In akuya ta ɓace ko an tsinci wani abu, ni ake nema in yi cigiya. Allah ya ba ni murya, wannan ko wanda ba ya ƙaunata ba ya musu. Zuciya ce bai ba ni da yawa ba, kuma ban taɓa ɓoye haka ba.

Abin ya faro ne a tsakiyar damina. Malam Tanko maƙeri, mutumin Unguwar Tsamiya da ke kan hanyar Buji, ya zo mini ranar kasuwa da wata igiyar ƙarfe a nannaɗe, siririya, doguwa. Ya ce a daji ya same ta bayan wata iska, gara ta cinye itacen da aka ɗaure ta a kai, ta tsinke, shanu sun ja ta cikin ciyawa. Al'adarmu kuwa kowa ya san ta: abin tsintuwa a yi masa cigiya kasuwa uku, in mai shi bai fito ba ya zama na wanda ya tsinta. Na hau kan dutsen da nake hawa, na ɗaga ta sama, na tambayi wanda ya yar da igiyar ƙarfe. Kasuwa uku ina yi. Ba wanda ya ce tasa ce. Sai daga baya na tuna cewa wasu fatake sun riƙa sunkuyar da kai suna wucewa da sauri, domin su sun san wayar Nasara ce, wadda aka ja ta cikin daji don aika magana. Ni dai jin labarinta nake yi, ban taɓa ganinta ba. Abin da bai zo mana a rai ba, ni da Malam Tanko, shi ne Bature ba ya cin kasuwar Dutse.

Da kasuwa uku ta cika, Malam Tanko ya sa ta a wuta. Ya fitar da basilla da allurai da ƙugiyoyin kifi, ya raba wa mutane, ni ma ya ba ni basilla ɗaya tukuici.

Gero ya fara nuna sai ga sojoji a Unguwar Tsamiya, a ranar da shi Malam Tanko yake daji wajen ƙona gawayi. Suka tara mutane suka tambayi wanda ya yanke waya. Mai unguwarsu, wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Unguwa, wanda gemunsa ba baƙi ko ɗaya, ya fito ya ce duk abin da ya ɓace a ƙasarsa shi zai amsa. Suka ɗaura masa igiya a ƙugu suka tafi da shi wajen Bature, wanda ke bin layin wayar can wajen ƙasar Haɗeja. Aka ce daga can Kano za a wuce da shi, gidan yari, kuma kowa ya san tsoho irinsa in ya shiga ba lalle ya fito ba.

Ranar Talata da hantsi ina gyaran danga, sai na ji sallama. Malam Tanko ne, da burgami a kafaɗa, wato jakar nan ta fatar akuya.

Ya ce, "Sanƙira, tafiya ta kama mu."

Na ce, "Mu wa?"

"Ni da kai. Zan kai wa mai waya wayarsa, in karɓo Baba. Na bi gida gida na tattaro abin da na ƙera. Kai kuma ka faɗa musu an yi cigiya, ba sata na yi ba. Iyakar naka ke nan. Ina basillarka?"

Na ce ta ɓace. Ƙarya nake, tana soke cikin hulata. Na shiga kawo uzuri, ga ciwon baya, ga gonar da ba a gama ba, ga kasuwa jibi ba mai shela. Ban kai ƙarshe ba sai ga matata Hajo ta fito da ƙunshin dabino da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa ta ajiye a gabana, ta durƙusa ta gaida baƙo, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Har yau ban gama yafe mata ba.

Muka kama hanyar Kiyawa. Malam Tanko mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai ta kama dole. Ni kuwa in na yi shiru ciwo nake ji, don haka tun daga bayan duwatsun gari na buɗe baki. Na zagi gara, na zagi iska, na zagi wanda ya rasa inda zai shanya igiyarsa sai dajin mutane. Ban raga wa Nasara ba ko kaɗan.

Da rana ta take muka tsaya a gindin wata tsamiya inda wata Bafulatana ke sayar da fura da nono. Tana damawa ta ji burgami ya yi ƙara, ta tambayi abin da ke ciki. Ni da na ce kayan ƙira ne a wuce wurin. Malam Tanko ya ce, "Wayar Nasara ce." Matar ta saki ludayi ta rufe baki da hannu. Ta matso kusa da ni ta raɗa mini cewa mazajensu sun kara kunne a jikin itacen wayar sun ji tana gunaguni, kuma duk abin da aka faɗa kusa da ita sai ta kai Kano kafin mai maganar ya rufe baki.

Furar nan ban san yadda ta wuce ba. Na shiga tuno duk abin da na faɗa tun safe, ɗaya bayan ɗaya. Da muka tashi na matsa kusa da burgamin na ce da ƙarfi, ai Bature mutumin kirki ne, tun da ya zo hanya ta yi lafiya, Allah ya ja zamaninsa.

Malam Tanko ya dube ni ya ce, "Sanƙira, na sa ta a wuta, na dake ta da guduma kwana biyu. Ba ta ce mini komai ba."

Duk da haka daga nan raɗa na koma yi. Ni da ake ji daga kasuwa har Limawa, sai da abokin tafiyata ya riƙa cewa in maimaita.

A Kiyawa gidan sarkin maƙera muka sauka, domin maƙera ba sa barin ɗan'uwansu ya kwana a waje ko ba su taɓa ganinsa ba. Wannan ya burge ni. Mu masu shela in wani ya shigo garinka, addu'a kake yi muryarsa ta dushe. Aka kawo tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, an sa mata wake har tana tsayawa. Bayan mun ci, sarkin maƙera ya ja Malam Tanko gefe, amma ina ji. Ya ce yana da ƙane a ƙasar Katagum, maƙera a buɗe, ba wanda zai tambayi daga ina ya zo. Ya ce a zuba burgamin nan a tsohuwar rijiya, tsoho kuma Allah na tare da shi. Ni a raina na ce madalla da mai hankali.

Malam Tanko ya yi godiya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yanka."

Sarkin maƙera ya sake bi ta wata hanyar, ya ambaci 'ya'yansa, ya ambaci bulala. Amsar dai ita ce. Da safe ya raka mu har bakin gari.

Tsakanin Kiyawa da Jahun ba abin da zan ba ku labari sai laka. Mu mutanen Dutse mun saba da ƙasa mai tauri, wadda in ka taka ta san ka taka. Can kuwa fadama ce bayan fadama. A ɗaya na zurma har gwiwa, na ja ƙafa ɗaya ɗayar ta nutse, na ƙarasa zaune daɓas. Wasu mata masu cirar shinkafa suka yi ta dariya har da tafi. Na tashi da niyyar in gaya musu magana, sai na tuna da burgami, na haɗiye.

Bayan azahar muka gamu da wani mai jakai yana dawowa daga gabas da kanwa. Da ya ji inda muka nufa, ya ce ya ga tsohon. An wuce da shi a bayan doki tare da wasu ɗaurarru. Ya ce duk zangon da aka tsaya sai an tambaye shi sunan wanda ya yanke waya, shi kuma ya ce shi ne mai unguwa, shi zai amsa. Wani soja ya mare shi har rawaninsa ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka ya naɗa, bai canza magana ba. Mai jakan ya ƙara da cewa Bature zai tashi ranar Asabar. Ranar nan Laraba ce. Daga nan Malam Tanko ya ƙara sauri, sai da na riƙa haɗawa da gudu kafin in cim masa.

Mun shiga Jahun ana kiran magariba. Aka nuna mana gidan wani dattijo mai sauke baƙi, ana ce masa Baba Barde. Ya karɓe mu hannu biyu, sai dai da ya ji abin da ke cikin burgami ya ce shi kam ba za ta kwana ƙarƙashin rufinsa ba, domin yana da maganganun da ba ya so su je Kano. Aka rataye ta a kan wata bishiya bayan gida. Nan na sami bakina, na rama shirun yini biyu.

Mutanen Jahun nono ya yi musu yawa. Mu a Dutse fura ake damawa a ɗiga mata nono, su kuwa nono ake zubawa a nuna masa fura. Kuma mai gida ba ya cin abinci a gaban baƙo, sai ya ajiye maka ya koma gefe ya juya baya, wai kunya. Na ce masa mu a Limawa in ka juya wa akushi baya, sai dai ka juyo ka wanke.

Baba Barde ya yi yaƙi a zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsun kudu suna kwashe mutane a gona. Ya ɗaga riga ya nuna mana tabon mashi a haƙarƙari, da inda kibiya ta shiga cinya. Ya ba mu labarin ranar da su goma sha wani abu suka tare mashigi har mata da yara suka shige ganuwa. Ni ina ta jinjina masa, don aikina ne, har na fara yi masa kirari. Sai ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

Ya ce, "Bari, ɗana. Mu a ranar akwai ganga a bayanmu, akwai mai kirari irinka, ga abokai hagu da dama. Ko kana son gudu kunya ba za ta bar ka ba. Kuma abin duka bai kai tsakanin azahar da la'asar ba." Ya nuna Malam Tanko da haɓa. "Wannan kwana uku zai yi yana taka ƙafa zuwa wurin igiya, ba mai kaɗa masa ko gwangwani, kuma kowace mararraba hanya a buɗe take. Ni ban san ko zan iya ba."

Malam Tanko ya ji kunya, ya tashi ya ce bari ya duba burgami. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji, don na san ni ne nake leƙen kowace mararraba.

Ranar Alhamis da rana muka isa iyaka. Na ɗauka zan ga ganuwa ko wata babbar ƙofa. Ashe wata kuka ce da rumfar zana, da dogari ɗaya yana gyangyaɗi. Daga nan ƙasar Kano ta ƙare, ta Haɗeja ta fara, amma ciyawar iri ɗaya ce, sauron ma iri ɗaya. Dogarin ya farka ya daka mana tsawa, ya ce a sauke kaya. Ya zazzage ƙunshina, ya ɗebi dabino ya cika baki, sannan ya miƙa hannu zai kwance burgami, yana tambayar mene ne.

Malam Tanko ya ce, "Wayar Bature ce, za mu kai masa."

Hannun nan ya tsaya a sama. Ya ja da baya, ya tofar da ƙwallon dabino a hankali, ya gyara tsayuwa ya ce da burgamin, ba da mu ba, shi bai taɓa komai ba, dabinon ma kyauta aka ba shi. Har ya nuna mana gajeriyar hanya zuwa mashigi.

Kogin ne ya kusa raba ni da duniya. Ya cika ya batse, ba jirgi. Masu fito suna da wasu manyan goruna, ka rungumi ɗaya a ƙirji, kayanka a cikin masaki, mai fito yana iyo yana tura ka. Na ce ni ɗan Dutse ne, ruwan da na sani na buta ne. Mai fiton, wani dogo mai jajayen haƙora, ya ce in rufe ido in riƙe gora yadda na riƙe uwata ina jariri. A tsakiyar ruwa wani abu ya shafi ƙafata. Na manta da waya, na manta da Kano, na saki salati da dukan muryata har tsuntsaye suka tashi daga ɗaya gaɓar. Mai fito ya ce shekararsa da yawa a ruwa, bai taɓa jin kunnensa ya toshe ba sai ranar.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Tun kafin mu shiga ruwa na ƙudura zan saki basillar nan a tsakiyar kogi, kada a same ta a jikina. Hannuna biyu suna kan gora, ban sami na cire hula ba. Da muka haye ina zaune ina haki, na ga Malam Tanko ya buɗe burgami yana shanya allurai ɗaya bayan ɗaya a kan rigarsa, kada su yi tsatsa kafin su isa hannun mai su. Kunya ta rufe ni. Na cire hula na zare basillar na ajiye a cikinsu. Ya dube ta, ya goge ta da gefen riga, ya ci gaba da abin da yake yi.

Wurin masunta muka kwana. Mutanen kirki ne, sai dai kifi. Da yamma kifi, da safe kifi, kunun ma ƙarni yake. Suka ba mu burabusko da miyar busasshen kifi, na ci don yunwa. Su kuma da na ba su sauran dabinona da ya jiƙe, sai suka riƙa juya shi suna tambaya ko da gaske a cikin duwatsu muke kwana tare da kuraye. Na ce ƙwarai, har gaisawa muke yi.

Ranar Juma'a da hantsi muka isa zangon Bature. Wani ɗaki ne na farin zane an kafa a gindin gawo, ga sojoji, ga dawaki, ga masu dako zazzaune. Can gefe ɗaurarru ne su biyar, igiya ɗaya ta haɗa su. Na hango Baba Mai Unguwa a ƙarshe, ya rame, rawaninsa ya yi ja da ƙasa, yana jan carbi. Da ya ɗaga kai ya ga Malam Tanko, na zaci zai yi murna. Fuskarsa ta ɓaci kamar an aiko masa da rasuwa.

Aka kai mu gaban Bature. Ga masu tambaya: yaro ne, bai kai ƙanena ba, siriri, wuyansa ja, idonsa kamar na mai zazzaɓi. Yana zaune a kujera shi kaɗai yana shan wani ruwan zafi, ba ya ce wa kowa bismilla. Maganar yatsu kuwa ban sani ba, ƙafar tana cikin takalmi har ƙwauri. Kusa da shi tafinta ne tsaye, mai juya magana.

Malam Tanko ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya kwance burgami ya zazzage a kan tabarma. Sauran waya, basilla, allurai, ƙugiyoyi. Ya ce, "Ni na tsince ta, ni na yanka, ni na ƙera waɗannan. Tsohon nan bai taɓa ta ba. A sake shi a kama ni."

Kafin tafinta ya gama juyawa sai muka ji murya daga wajen ɗaurarru. Baba Mai Unguwa ne ya miƙe, har ya ja na kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, kada a saurare shi! Mahaukacin garinmu ne, kowa ya san shi. Duk abin da aka yi sai ya ce shi ne. A kore shi ya tafi gida."

Nan na gane cewa tsohon ya san mai laifin tun ranar farko. Bature ya dubi wannan ya dubi wancan, ya yi magana. Tafinta ya ce ana tambaya ko akwai shaida. Malam Tanko ya waiwayo ya dube ni.

Jama'a, na buɗe baki ba abin da ya fito. Ga tsoho yana harara ta, yana girgiza mini kai alamar in yi shiru. Ga Malam Tanko yana jira. In na yi shiru tsoho ya tafi Kano, in na yi magana na ɗaura wa abokin tafiyata igiya da bakina. Daga ƙarshe na ji kaina ina cewa, da wata 'yar murya kamar ta mai mura, lafiyarsa ƙalau, shi ya kawo mini ita, kuma na yi mata cigiya kasuwa uku.

Tafinta ya daɗe yana bayani. Da alama Bature bai san cigiya ba, a ƙasarsu ban san yadda suke yi da abin tsintuwa ba. Ya ce a nuna masa yadda ake yi. Na miƙe. Ba dutsen hawa, sai na hau wani akwati. Na ɗauki guntuwar wayar na ɗaga sama, na rufe ido, na ɗauka a kasuwar Dutse nake.

"Jama'a, ku saurara! Wa ya yar da igiyar ƙarfe a dajin hanyar Buji? Mai ita ya zo ya faɗi kamanninta ya karɓa! Kasuwa ta ɗaya ke nan, saura biyu!"

Wani doki ya tsinke igiya. Karen Bature ya shige ƙarƙashin kujera. Sojoji suka fashe da dariya, shi kansa Baturen ya sa hannu ya rufe baki yana tari. Ya tambaya ko haka na yi har sau uku, a gaban mutane. Na ce haka na yi, kuma duk Dutse shaida ce. Ya ɗauki wata basilla yana juya ta a hannu, yana duba bakinta da kafar zaren.

Hukuncin da ya yanke shi ne, tun da an yi shela a fili, ba sata ba ce, ba bulala, ba gidan yari, ba abin da za a yi wa ƙauye. Amma waya ta yanku, kuma masu gyaran layi suna bukatar maƙeri. Malam Tanko zai bi su har ƙarshen rani. Aka kwance igiya daga ƙugun tsoho. Ba a ɗaura wa Malam Tanko ba, wani soja dai ya nuna masa inda masu dako suke.

Aka bar mu mu yi sallama. Ni na ɗauka tsohon zai sa masa albarka. Ina! Ya tsaya a gabansa ya rufe shi da faɗa.

"Tanko, wa ya aike ka? Kwana tara ina shan mari don me? Gero ya nuna, wa zai ƙera wa mutane magirbi? 'Ya'yanka huɗu, babban bai iya riƙe zugazugi ba. Ni me ya rage mini? Na ci nawa, na gama. Na yi shiru don ka zauna, ka kwaso ƙafa ka zo ka ɓata mini!"

Malam Tanko yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tun da aka tafi da kai tuwo ya ƙi wuce mini."

Ni dai hawaye ya zo mini, kuma ban ɓoye ba. Sai idon tsohon ya sauka a ƙafar Malam Tanko. Laka da ruwa sun gama da takalmansa, ɗaya ma da igiyar rama ya ɗaure shi. Baba Mai Unguwa ya tuɓe nasa na fata ya tura masa da ƙafa.

"Sa. Dajin da za ku bi ƙaya ce."

"Baba, kai fa?"

"Na ce ka sa."

Ya sa. Muka juya, ba wanda ya waiwaya sai ni.

Kwana huɗu muka yi a hanyar dawowa, don tsohon ba ya sauri. Na ba shi takalmana ya ƙi. A Jahun Baba Barde ya fito masa da sababbi, a Kiyawa sarkin maƙera ya yi rantsuwa sai ya karɓa, duk ya ce Allah ya saka da alheri, a bar su. Da na matsa masa a bayan gari, ganin ƙafarsa ta tsattsage tana jini, ya ce shi yana da takalmi, aro ya bayar, zai jira a dawo masa da su.

Shekaranjiya na je Unguwar Tsamiya in gaishe shi, aka ce yana gona. Na bi sawu na same shi a gonar Malam Tanko tare da mutanen unguwa, suna girbi da tsofaffin magirbai da suka wasa a dutse. Yana gaba, ya sunkuya, ƙafarsa ba takalmi.